Kwalaben da ke barci a Gazir

Ni da ko warin giya ba na so, sai ga ni tsaye a rumbun ajiyarta, a cikin dutse. Aikin abokina ne, wani Kwara ɗan asalin Labanon, haifaffen Fagge da Hausa ta zauna daram a bakinsa. Da na kai masa ziyara Labanon ya ce, "Malam, ba sha za ka yi ba, kallo za ka yi."

Daga Bairut muka yi arewa ta bakin teku, muka hau tudu mai kwana-kwana zuwa Gazir, gidan Chateau Musar, kamfanin da ke yin giyar inabi. Gaston Hochar ne ya kafa shi a 1930, har yau kuma jikokinsa ke riƙe da shi. Inabin ba a nan ake nomansa ba. Gonakin suna can kwarin Beka, bayan duwatsu, manyan motoci ke haurowa da shi.

Nan labarin ya kama ni. Lokacin yaƙin basasa, daga 1975 zuwa 1990, Serge ɗan Gaston, wanda ya yi karatun sana'ar a Bordo ta Faransa, ya ci gaba da sa a ratso shingayen 'yan bindiga da lodin inabi. A 1976 abin ya gagara, ba a yi giya ba. Na tuna direbobinmu masu kai tumatir Legas, kaya na ruɓewa, hanya a tare. Su dai waɗannan har da harsashi a kansu.

Cikin rumbun akwai sanyi da danshi, kwalabe jere cikin ƙura da saƙar gizo-gizo, ba mai sharewa. Jar giyar gidan haɗin inabi uku ce: Cabernet Sauvignon, Cinsault da Carignan. Takan yi shekara guda a gangar katako, daga baya a ɗura ta a kwalba a manta da ita, ba ta ganin kasuwa sai ta cika shekara 7. Ɗan kasuwar Kwari da zai kulle jarinsa shekara 7, ai addu'a 'yan'uwa za su fara nema masa.

Aka miƙo kofi, na ɗaga hannu na yi godiya, aka kawo min ruwa. Abokina kuwa ya sayi kwalba ɗaya ta shekarar da aka haifi 'yarsa, wai sai ranar aurenta za a buɗe. Yarinyar tana aji huɗu a firamare.