Maganin taɓin hankali da ƙwaƙwalwar da ba ta gama girma ba

Tambayar da ta daɗe tana damuna ita ce abin da magungunan taɓin hankali ke yi wa ƙwaƙwalwar yaron da ciwon sikizofireniya (wani nau'in taɓin hankali da kan sa mutum ya riƙa jin muryoyin da babu su) ya kama kafin ya kai shekara 18, tun da sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai kula da tsari da yanke shawara, ba ya kammala girma sai wajajen shekara 25.

Magunguna irin su risperidone da olanzapine suna toshe mashigar sinadarin dofamin (mai isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa), shi ya sa suke rage jin muryoyin da babu su. A 2005, wani bincike a Amurka ya nuna cewa ƙwaƙwalwar birai da aka daɗe ana ba su haloperidol (shi ma maganin taɓin hankali ne) ko olanzapine ta ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari. Sai dai biri ba mutum ba ne, kuma ciwon da kansa yana zaftare ƙwaƙwalwar matasa, don haka raba laifin maganin da na cutar aiki ne ja.

A ganina, abin da ya fi fitowa fili shi ne ƙibar da olanzapine ke jawowa, wadda ke sa likitoci auna nauyi da sukarin jinin yaro akai-akai.