Godiya Bayan Arba'in

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, mun yi arba'in lafiya, ni da jaririyata. Tun ranar suna nake son in rubuta wannan, jiki ne bai ba ni dama ba. Waɗanda suka zo barka sun same ni a kishingiɗe ina amsa gaisuwa da ƙyar, kuma da yawa ba su san abin da ya faru ba, sun dai ji an ce aiki aka yi mini. Yanzu da ƙarfi ya fara dawowa, bari in sauke nauyin godiyar da ke kaina.

Bayan Allah, da ungozomar ƙaramin asibitin unguwarmu a Rigasa zan fara. Wannan ne cikina na uku, kuma biyun farko lafiya lau na haihu, don haka da ƙafafuna suka kumbura kowa cewa yake yi ai haka ciki yake in ya tsufa. Ranar awo ta ɗaura mini abin gwajin hawan jini, ta duba, ta ce in zauna in huta, ta sake gwadawa. Sai ta kamo hannuna ta dubi zoben da ya nutse a yatsana, ta ce, "Maman yara, kanki na ciwo? Kina ganin dishi-dishi?" Na ce tun shekaranjiya. Nan take ta sa aka gwada fitsarina. Ta yi mini bayani cewa idan ciki ya wuce sati 20, jini ya kai 140/90, ga furotin a fitsari, to ciwon da ke kai mace ga jijjiga ne ya kunno kai, nawa kuwa har ya zarce 160/110. Layi cike yake da mata, amma ta ajiye komai ta rubuta takardar tura ni babban asibiti, ta kira maigidana da wayarta, ta ce masa kada ya bari in biya ta gida ko da ɗauko kaya ne. Sista, ba ni da abin da zan biya ki. Allah ya jiƙan mahaifanki, ya raya miki zuri'a.

Sai likitoci da nas-nas na ɗakin haihuwa. Allurar magnesiyam da ake yi don tare jijjiga, in ta shiga sai ki ji zafi ya game jiki har fuska. Akwai wata nas da ta kwana tana zarya a kaina: ta ƙirga numfashina, ta ƙwanƙwasa gwiwata da ƙaramar guduma, ta durƙusa ta duba yawan fitsarin da ya taru a leda, ta rubuta, ta koma kan wata. Haka har asuba, kuma ko sau ɗaya ba ta ɗaga mini murya ba. Mutane na yawan kuka da ma'aikatan asibiti, amma abin da idona ya gani a daren nan dole in faɗe shi.

Da likita ya ce maganin ciwon shi ne a raba ni da cikin, Abban yara bai tsaya jiran a tara dangi a yi shawara ba, ya karɓi biro ya sa hannu. Na san matan da aka rasa a wurin wannan jiran. Abban yara, na ga idonka lokacin da ake tura ni ɗakin tiyata, na kuma ji labarin faɗi-tashin da ka yi a waje. Allah ya ƙara buɗi, ya bar zumunci.

Na zubar da jini sosai, aka ce sai an yi mini ƙari. Ƙanen maigidana ya bayar. Samarin masallacin layinmu suka cika keke napep suka zo, aka gwada su aka ɗauki wanda nasa ya dace. Wani abokin aikin maigidana, Kirista, ya taso tun daga Sabon Tasha cikin dare ya miƙa hannunsa, washegari kuma matarsa ta aiko da farfesun kaza. Jininku ne ke yawo a jikina yau. Na gode, na gode.

Godiyar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Hajiya, surukata. Tun ciki na wata bakwai ta tanadi itacen wanka, ta sayi kanwa da gero, ta sa yara su riƙa lura da bishiyar darbejiyar ƙofar gida. Duk surukanta ita ta yi musu jego, kuma abin alfaharinta ne. Ranar sallama likita ya zaunar da ita, ya ce mai hawan jini da ɗinki a ciki ba ta shan kunun kanwa, ba a kuma fyaɗa mata tafasasshen ruwa. Ya gaya mata cewa likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun daɗe da gano alaƙar yawan kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Hajiya ta yi shiru, can ta ce, "To likita, ranta muke so." Muna isa gida ta kyautar da kanwar. Kullum da safe ita ke sirka mini ruwa mai ɗumi, ta goge ni a hankali tana kauce wa ɗinkin, ta dama kunun gyaɗa, ta tsaya a kaina sai na sha maganina. Da wasu 'yan barka suka fara cewa maijegon da ba ta sha kanwa ba jikinta zai ruɓe, ita ta tare su, ban ko buɗe baki ba. Ba ƙaramin abu ba ne dattijuwa ta ajiye abin da ta gada saboda surukarta. Hajiya, Allah ya ƙara girma, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Ummata da ta taso daga Zariya ta kwana a tabarma gefen gadona, ita ta riƙa ɗora mini yarinyar a ƙirji har ta kama nono ta sha dakashi. Yaya da ta riƙe manyan yaran a Tudun Wada, maƙwabciyata da ta ɗauke mini wanki, 'yan ajinmu na Islamiyya da suka yi ta addu'a, da duk wanda ya turo kuɗi, ya kawo sabulu ko turmin atamfa, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Yarinya ta ci sunan Hajiya. Nono zalla take sha, haka za mu ci gaba har wata 6 in sha Allahu. An yi mata rigakafin sati 6, saura na sati 10 da na 14. Ni ma na koma an duba ɗinki ya warke, jinin ya sauko amma an ce in ci gaba da zuwa gwaji, don hawan jinin ciki yakan bi mace har bayan haihuwa.

Waɗanda suka kira ban ɗaga ba, da waɗanda ban ambata ba, ku yafe mini. Ku sa mu a addu'a, ku haɗa da matan da na baro a kan gadon asibiti da masu jiran ranar haihuwa. Wanda bai samu zuwa suna ba, muna gida, sai kun zo.