Asabar a bakin kwamin iyo

Landan, Asabar da daddare.

Yau ni ke da aikin safe a kwamin iyo, inda nake gadin masu iyo don kada ruwa ya ci wani. Bakwai da rabi na isa, gari bai gama wayewa ba, sanyin Disamba na ratsa ƙashi. Ciki kuwa ɗumi, ga warin kulorin ɗin nan, sinadarin tsabtace ruwa, da ke bin mutum har gida. Na sa riga ruwan ɗorawa da jan gajeren wando, na rataya usur, muka zagaya ni da abokiyar aikina muka duba kaya: doguwar sandar miƙo, robar ceto, allon ɗaukar wanda ya bugu a ƙashin baya, da na'urar farfaɗo da zuciya.

Da sassafe tsofaffi ne ke zuwa, kowa ya kama layinsa, ya je ya dawo ba hayaniya. Su ne malaman Turancina na gaskiya. Suna magana a hankali, kuma hirarsu ba ta wuce ruwan sama da ciwon gwiwa, don haka ko yau ban gane ba gobe za a maimaita mini. Matasa ne matsala. Yaron gabashin Landan sai ya haɗiye rabin maganarsa, ka tsaya kana kallon bakinsa.

Mutane na zaton aikin nan iya ruwa ne. Iya ruwan sharaɗin shiga ne kawai. Kafin a karɓe ka kwas ɗin RLSS, ƙungiyar da ke horar da masu ceto a ruwa a Birtaniya, sai ka kai shekara 16, ka yi mita 50 cikin ƙasa da daƙiƙa 60, ka nutsa ka taɓo ƙasan kwami, ka fito ba da tsani ba. Ga wanda ya tashi a Yauri yana bin 'ya'yan Sarkawa cikin kogi, wannan ba abin ta da hankali ba ne. Har iyon da muke yi a gida, kai a sama, wanda na zaci za a yi mini dariya a kansa, ashe shi ake so, don kada idonka ya bar wanda za ka ceta. Ainihin aikin kallo ne. An koya mana ka share yankinka da ido cikin daƙiƙa 10, ka kuma iya kai wa kowa cikin daƙiƙa 20. Shi ya sa ake sauya mana kujera duk rabin awa, don ɗumi da ƙyallin ruwa na kawo gyangyaɗi ko ka ƙi.

Ƙarfe ɗaya aka buɗe wa iyalai, wuri ya kaure. Wajen biyu saura na hango wani yaro, bai fi shekara shida ba, ya bi ƙwallo har inda ƙasan ke gangarawa. Bai yi ihu ba, bai ɗaga hannu ba. Yana tsaye cak a ruwa, ya tanƙwasa kai baya, baki na shiga ruwa yana fita, hannuwa na dannan ruwa a gefe. Manya biyu na kusa da shi suna hira, ba wanda ya waiga. Wanda ruwa ke ci ba shi da numfashin da zai ɓata wajen kiran wani. Na busa usur sau uku, na faɗa. Kafin ya kurɓi na kirki na tallabo shi, ya maƙale mini a wuya yana tari, sai kuka. Alhamdulillahi, kukan nan shi nake son ji.

Uwarsa tana kan benci da waya a hannu, alhali dokar wurin ta ce ɗan ƙasa da shekara takwas sai da babba a cikin ruwa. Ta taso tana zuba magana, godiya da faɗa a cakuɗe, na tsinci abin da na tsinta. A ajin Turanci ana ta koya mana zagaye-zagayen ladabi, a bakin ruwa kuwa gajeriyar magana ake so, kalma biyu ko uku da ƙarfi. Da iyaye sai ka haɗa duka biyun, ga zuciya na bugawa. Na dai gaya mata dokar, na ce idan tari ya ci gaba ko numfashi ya canza ta kai shi asibiti.

Rahoton ya fi ceton cin lokaci. Shugabar aiki ta ce in rubuta abin da idona ya gani da ƙarfe nawa, ban da ra'ayina kan uwar. Ta soke mini layi biyu, kuma da gaskiyarta. Na samu na yi La'asar a ɗakin ajiye kaya a gurguje, don huɗu saura rana ta faɗi.

Da na dawo na kira Kawu, na ba shi labari. Ya ce, "Kai ɗan nan, wai biyanka ake yi ka zauna kana kallon masu wanka?" Na ce, "Wallahi kuwa, Kawu." Ya yi dariya, sannan ya ce ina ma a kududdufan gari akwai mai zama haka da damina.

Gobe akwai atisayen wata-wata: hura iska sau biyar ga wanda aka tsamo, sannan danna ƙirji 30, hura biyu. Ni aka ce zan kwaikwayi kiran 999, lambar neman agajin gaggawa a nan, don haka bari in sake bitar lambar adireshin wurin harafi-harafi kafin in kwanta.