Bana na ƙyale lambun bayan ɗaki ya huta

Ruwan ƙarshe da muka samu nan Marwa, arewacin Kamaru, ya sauka ne farkon watan Oktoba, tun daga ranan ban ƙara ɗaukan fartanya na shiga lambun bayan ɗaki ba. Ɗan fili ne, taku goma sha biyu in ka auna tsawonshi, amma yanzu in ka leƙa wallahi sai kace daji, kuɓewa ta fi ni tsawo 'ya'yanta sun ƙosa sun bushe a jiki suna tsagewa, yakuwa wadda muke cewa folere tayi jajir, soso ya haye katanga ya zuba gidan maƙwabta, tafasa da lalo kuwa ba wanda ya shuka su da kansu suka zo.

Inna ce ta fara magana. Tace kai ɗan nan wannan wane irin sakaci ne, gida kaman ba kowa, ka tuge ka tara ka sa wuta mana kaman yadda aka saba. Nace Inna kiyi haƙuri bana dai ki bar ni in gwada. Bata ji daɗi ba kuma na fahimce ta, a wajensu tsakar gida da aka share tas har ana ganin sawun tsintsiya shine mutuncin gida.

Amma ni abinda na gani da idona ne ya canza min ra'ayi. Shekara huɗu ina tugewa ina ƙonawa duk kaka, ƙasa ta zauna tsirara, iskan hunturu ya taso daga Disamba ya kwashe ta sama mai laushin, sannan ranar Maris da Afrilu da ke kai digiri 40 har ta wuce ta gasa sauran, in ruwa ya dawo watan Yuni sai kaga yana gudu a kai kaman kan siminti baya shiga. Ruwan namu dama wata huɗu ne kawai, wajen milimita 800 a shekara, wanda yaga kogin garinmu Mayo Kaliyawo ya koma yashi zalla yara na buga ƙwallo a ciki ya san abinda nake nufi.

Wani dattijo mai lambun albasa a Meskin, nan gefen Marwa, ne ya buɗe min ido. Na kai mishi kukan ƙasata ta mutu, yace yaro me kake bata taci? Nace Baba ai ina sa taki na buhu. Yayi dariya yace to mayafinta fa, kana ƙone mata shi duk shekara. Gaskiya ya faɗa, in ka ƙona ganye toka kawai ke saura, sinadarin naitirojin da ke ciki ya bi hayaƙi ya tafi, in ka barshi kwance kuwa yana riƙe laima, gara tazo ta ci ta haƙa ƙananan ramuka, ta nan ruwa ke samun hanyar nitsewa. Garan da nake ta zagi ashe in ka bata kara a ƙasa aiki take maka, katakon rumfa dai shi zaka tsare. Waken da na shuka ma ban tuge ba, yanke shi nayi daga sama na bar saiwar, ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikinta su ke tara ma ƙasa abinci.

Sai kuma baƙin da nake samu. Bayan sallar asuba in na zauna da shayi kurciyoyi na sauka suna tsintar iri, ƙananan tsuntsaye na lilo kan karan alayyafo da yayi kai, ƙudan zuma na shiga furen soso da na kabewa da suka rage. Rannan da daddare 'yata ta hasko bushiya da tocilan tana tonon ƙwari ƙarƙashin ganye, tun ina yaro rabona da ganinta cikin gari. Ƙanina da ke karatu a Faransa yace can ma wasu haka suke yi kafin sanyinsu mai ƙanƙara, su bar busassun kara da ganye saboda tsuntsaye da ƙwari su samu mafaka. Mu namu ba ƙanƙara bane, ƙura ce da bushewa, amma ƙasar duk rufi take nema.

Kar wani ya karanta wannan yaje ya bar gidanshi haka kawai fa. Tsoron Inna na maciji gaskiya ne, kububuwa da kunama suna son irin wajen nan, shiyasa na share taku biyu tsakanin lambun da bangon ɗaki, yara basa shiga ba takalmi, ni ma sai da sanda nake ɗaga ganye. Duk gwangwani da tsohon bidon, wato jarka, da zai tara ruwa na kife shi saboda sauro, ƙarshen damina lokacin zazzaɓi ne. Murhu ma mun matsar dashi can gefe, busasshen kara da iskan hunturu tartsatsi ɗaya ya ishe su.

In Allah ya kaimu tsakiyar Nuwamba zan tsinke busassun kuɓewa da yakuwa in fasa in zuba irin a kwalba da ɗan toka saboda ƙwari, sauran karan in sare in kwantar a wajen yadda iska bazai ɗauka ba. Jiya da yamma naga Inna a ciki da kwano tana tsinkar tafasa, tace gobe da ita za'ayi miya, kuma kar wanda ya taɓa mata gindin lalon da ke kusurwa sai yayi iri.