Fuskata Ta Yi Wata Shida a Bango

Jiya da la'asar na iske ɗan ƙanwata a gindin hasumiyar Gobarau, ya ci babbar rigar aro, abokinsa na durƙushe yana ta ɗaukarsa hoto da waya. Wai wani ejan ne a Legas, dillalin masu tallar tufafi, ya ga hotunansa a Instagram, zai haɗa shi da wani gidan ɗinki na Turai ya riƙa sa kayansu ana talla da shi. "Kawu, talla ɗaya ce, na haye." Har ya soma zancen jingine karatu, yana aji biyu.

"Na haye." Haka na ce wa Inna, Allah Ya ji ƙanta, ranar da na kira ta daga Milan.

Ni sarin yadi aka aike ni kasuwar Balogun, wata mata ta tare ni tana duba ni sama da ƙasa. Tsawon nan da ake tsokanata da shi a Ƙofar Marusa, ana ce mini falwaya, ashe kuɗi ne a wani wuri. Lokacin ba a daɗe da fara makon nuna tufafi na Legas ba, wanda aka soma a 2011, ana farautar dogaye baƙaƙe. Ban cika shekara biyu ba wani babban gidan kayan alfarma ya zaɓe ni tallarsa. Na ga fuskata a bango, ta fi ƙofar gidanmu girma. Na tsaya a titi ina kuka cikin sanyi.

Takardar da na sa wa hannu kuwa ban karanta ba. Ejan na can zai zare kamashonsa, wajen kashi 20 cikin 100, da shi da wadda ta tsinto ni a Legas. Tikitin jirgi, biza, ɗakin da muke kwana mu shida, har katin hotunan da nake yawo da shi wurin tantancewa, duk bashi aka rubuta mini. Kuɗin ma sai bayan wata huɗu suka fito, sun rame. Abin da ya saura na sayi mota, na ɗinka wa rabin unguwa kayan Sallah, maroƙa suka koyi sunan kakana. Wauta ce. Amma ku gaya mini, ɗan talakan da bai taɓa riƙe dubu ɗari tasa ba, me kuke so ya yi? Na kuma yi wa ɗakin Inna rufin kwano, damina ta daina tashinta tsakar dare. Wannan ko gobe zan sake.

Abin da ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini shi ne sana'ar da kaka take tafiya. Sau biyu a shekara ake babban zagayen nuna kaya a New York, Landan, Milan da Paris, kowace kaka kuma da fuskar da take so. Bayan wata shida aka sauke ni daga bangon, aka ɗora wani yaro. Na koma layin tantancewa kamar ban taɓa yin komai ba, a dube ka minti ɗaya a ce an gode. Kanawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma nan dai, duk da Kanawa ne, sun yi gaskiya.

Akwai waɗanda suka ɗore, ban musa ba. Oluchi, 'yar Najeriya, ta ci gasar zaɓen masu tallar tufafi ta Face of Africa a 1998 ta daɗe ana damawa da ita. Mayowa Nicholas, ita ma 'yar Najeriya, ta fito a 2014 tana ta samun manyan talla. Amma mu da muka dawo shiru, wa ya ƙidaya mu? Ga Halima Aden, Ba'amurkiya 'yar asalin Somaliya, da hijabinta ta hau bangon babbar mujallar kayan ado ta Vogue, amma a 2020 ta ce ta ajiye, aikin na taɓa mata addini.

Na yi niyyar jero wa yaron nan shawara goma. Kada ka bar makaranta. Kada ka sa hannu a takarda sai lauya ya karanta. Ejan da ya ce ka fara turo kuɗin rajista, ɓarawo ne. Sauran na manta, don ina magana yana latsa waya, yana ƙirga masu danna masa so. Yaran yanzu ko kunyar ido babu! Na ce kada ya je ko'ina. Can kuma na ce ya je, fuska ba ta jiran digiri, ni ma da na tsaya da ban ga duniya ba.

Ya ɗago kai ya ce, "Kawu, to har yanzu kana da lambar matar nan ta Balogun?"

Tana nan a tsohuwar wayata, cikin durowar shago, ƙarƙashin littafin masu bashin yadi. Na ce masa ta ɓata.