Tayoyin bayan motata sun kai ƙarshe

Talata, bayan sallar isha'i, Agege.

Har yanzu in na rufe ido ina jin yadda bayan motar ya karkaɗe da mu a kan gada da safen nan. Ruwa ya sauko tun kafin asuba, irin na watan Yuni a Legas, kamar da bakin ƙwarya. Ni da ƙanena muka fito wajen bakwai saura za mu shago a Idumota. Muka bi ta Ikeja da Maryland da Gbagada, muka hau gadar Third Mainland daga Oworonshoki. Ba gudu nake ba, Allah ne shaidata, ban wuce kilomita saba'in a awa ba. Sai muka shiga wani wuri da ruwa ya kwanta a gefen hagu, kawai na ji bayan motar ya saki ƙasa. Ya yi dama, ya dawo hagu, ƙarfen gada na matsowa ta tagar ƙanena. Salati kawai yake. Ban taka burki ba, na ɗaga ƙafa daga totur a hankali na riƙe sitiyari, har Allah Ya sa tayoyin suka sake kama kwalta. Wani direban danfo da ke bayanmu ya wuce yana ta danna hon yana nuna ni da hannu, kuma yana da gaskiya.

Motar Mustang ce da Kawu ya shigo da ita daga Amurka cikin motocin da yake kawowa, na nace har ya sayar mini da ita ina biya kaɗan-kaɗan. Wata bakwai ke nan. Da ta sauka daga Apapa tayoyin gabanta na yau da kullum ne, amma na baya wasu irin faffaɗa ne, zanensu ɗan kaɗan, robar da laushi har farce na shiga. Daga baya na gane irin da ake kira drag radial ne, tayar 'yan tseren miƙaƙƙiyar hanya. Kamfanoni irin su Nitto da Mickey Thompson duk suna yin irinta, kuma a can doka ta yarda a hau titi da ita. Tseren da aka yi ta dominsa kwata na mil ne, mita 402, ana gama shi cikin 'yan daƙiƙu. Gadar da nake hawa kullum safe da yamma kuwa kilomita 11.8 ce, kusan ninki talatin na filin tseren, kuma wannan yanki ɗaya ne kawai na tafiyata.

Na so tayoyin nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba. A rani, in kwalta ta bushe ta yi zafi, ka taka totur motar ba ta ko murza ƙafa, tafiya kawai take kamar an ɗinke ta da titi. In na shigo layinmu ina jin tsakuwa na bugun ƙarƙashin mota, tas-tas-tas, saboda robar ta yi ɗumi tana ɗebo duk abin da ta taka.

Ban iya wani ciniki a shago ba yau. Da azahar na kira Kawu na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, tun ranar da ka karɓi makulli na ce ka sauya su. Yaron nan da ke gefenka amana ce a hannunka." Na ce, "Haka ne Kawu, a yi haƙuri." Ba ni da abin da zan ƙara.

Da ruwa ya ɗauke bayan la'asar na lallaɓo da motar, ina bin layin dama, har wajen Baba mai faci da ke kusa da kasuwar Agege. Dattijo ne mutumin Katsina, ya fi shekara talatin yana wannan sana'a a nan, Yarbanci a bakinsa kamar a nan aka haife shi. Ya tsuguna bai ce komai ba, ya zaro tsinken ashana daga aljihu ya cusa a zanen tayar gaba, kan ashanar ya nutse gaba ɗaya har da ƙari. Ya zagayo baya ya cusa a tsakiyar taya, ko rabin kan bai shiga ba. Sai ya kama yatsana ya ɗora a kan wani ɗan tudu da ke kwance a cikin zanen. Ya ce, "Alhaji ƙarami, ka ji wannan? Shi ne alamar da masu taya ke sawa. Ranar da ya yi daidai da fuskar taya, ta gama aiki." Tudun nan milimita 1.6 ne tsayinsa, kuma a tayar hagu ya riga ya shafe da sauran robar. Tsakiyarta ta yi sanƙo sumul, gefe-gefe ne kawai ke da sauran zane.

Na duba mita. Lissafin motar da mil yake, tunda ta Amurka ce, kuma tun da na karɓe ta na yi mil 5,600, wajen kilomita 9,000. Tayoyin gaba da suka yi wannan tafiyar tare da su ko alamar gajiya babu.

Dalilin a rubuce yake a jikin tayar, ni ne ban taɓa tsayawa na karanta ba sai yau da Baba ya goge laka da tsumma. Akwai wurin da aka sa Treadwear, sai lamba. A tayar gaba 400, a ta baya 100. Lambar nan ba ta faɗin kilomita nawa taya za ta yi, awo ne da kamfani ke yi da wata tayar gwaji da aka ba 100, amma ko yaro ya ga bambancin ya san wacce za ta riga mutuwa. Ga shi tun tana sabuwa zanenta bai kai zurfin na taya ta yau da kullum ba, wadda ke fitowa da kusan milimita 8. Roba mai laushi, zane marar zurfi, sai ka haɗa ta da cunkoson Ikorodu Road, tashi-tsaya tashi-tsaya, da ramuka, da kwaltar da rana ta gasa. Kuma zanen nan shi ne magudanar da ruwa ke bi ya fita daga ƙarƙashin taya. In babu shi, ruwan sai ya ɗaga motar, abin da ya same mu ke nan a kan gada.

Akwai nawa kuskuren a wajen iska. Duk inda na tsaya sai in ce a cika mini 35 kamar na gaba, shi ya sa tsakiyar ta fi cinyewa. Masu tsere rage iskar suke sosai a fili don tayar ta baje, su murza ta har ta yi hayaƙi kafin a tashi. Wani abu kuma da Baba ya nuna mini: ya danna farce a robar, yanzu da ƙyar yake barin shaida. Zafi da sanyi na kullum sun busar da ita. Ashe ko riƙon da nake son ta dominsa ya daɗe da raguwa, sauran zanen da ke gefe ma ba shi da wani amfani.

Ban ga laifin tayar ba. An yi ta ne ta ba da duk ƙarfinta a ɗan lokaci, ta kuma bayar. Wanda ya sa ta a Amurka wataƙila ranar hutu kawai yake fito da motar. Ni kuwa na mai da ita abin zuwa kasuwa, a garin da damina ke cika titi da ruwa.

Wani yaro da ke zaune a wurin ya ce in bar masa tsofaffin, akwai mai saye. Na ce a'a. Na roƙi Baba in an cire su ya sa wuƙa ya yanka gefensu, kada wani ya wanke su ya shafa musu baƙi ya sayar wa bawan Allah a matsayin tokumbo. Ya ce in sha Allahu a gabana zai yi. Ya kuma ja mini kunne, in na je kasuwar kayan mota ta Ladipo in duba lamba huɗun ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a jikin taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi tayar, don kada a ba ni wadda ta tsufa a sito.

Motar tana cikin gida yanzu, na lulluɓe ta da tamfol. Kuɗin sababbi biyu masu wannan faɗin ba za su haɗu ba sai ƙarshen wata. Ƙanena bai ci abincin dare sosai ba, na ce ya kwanta, gobe ya huta a gida. Ni zan bi jirgin ƙasa na Red Line daga tashar Agege zuwa Oyingbo, daga can in shiga danfo.