Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Teburin Baba Mai Shayi

Makon jiya mun tsaya a inda kawuna ya kawo ni Kano ya damƙa ni a hannun wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Niyyata yau in shiga labarin yadda na fara riƙe shago, to amma Juma'ar da ta wuce na bi ta tsohon layinmu na Fagge, abin da na tarar ya hana ni barci. Ku yi mini haƙuri, yau labarin teburin shayi za ku ji.

A 1994 na fara zama a bencin nan, ina ɗan shekara 17. Mu biyar muke kwana a zaure ɗaya, duk yaran kasuwa, babu mai uwa a garin. Idan aka idar da sallar isha'i ba mu da wurin zuwa sai bakin layi, inda Baba ya kafa teburinsa a jikin katangar wani tsohon gidan ƙasa, ƙarƙashin darbejiya. Babba da yaro Baba suke ce masa, har waɗanda suka girme shi.

Ko yanzu na rufe ido ina ganin teburin. Gwangwanayen Bournvita da Milo da madarar Peak an jera su kamar dalar gyaɗa, burodi a tsaitsaye cikin leda, kiret ɗin ƙwai a gefe, ga risho da ɗan kaskon suya da ya yi baƙi ƙirin. A ƙasa kuma ƙatuwar tukunya ce kan garwashi, citta da kanumfari da masoro suna tafasa a ciki. Lokacin hunturu tun daga bakin masallaci ƙamshin yake tarar mutum. Idan Baba ya haɗa shayi sai ya riƙa juya shi daga kofi zuwa kofi, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, ruwan ya miƙe kamar igiya, ko ɗigo ba ya zuba. Mai hali ya ce, "Baba, haɗin kauri, a soya ƙwai uku." Irinmu kuwa ruwan bunu ne da rabin burodi.

Benci biyu ne. Na jikin katanga na manya ne, kuma ba wanda ya taɓa faɗa mana haka, mu muka gane. Akwai tela, da direban tasi, da malamin firamare wanda shi ke raba gardama, da wani Bayarabe mai gyaran rediyo, haifaffen Sabon Gari, da Hausarsa ta fi tawa. Akwai kuma wani Buzu maigadi, mutumin Agadas, wanda yake zuwa da 'yar butarsa ya dafa nasa shayin a gefe. Bai taɓa sayen kofi ɗaya ba, amma duk daren da bai zo ba sai Baba ya aiki ɗaya daga cikinmu ya dubo ko lafiya.

Rediyon Baba a ƙusa yake rataye. Idan lokacin BBC ya yi, cokali ma ba a so a ji ƙararsa. A gama, a murɗa zuwa Muryar Amurka ko Jamus ko Kaduna, sannan gardama ta kaure har sha biyun dare. A nan na san akwai wata ƙasa wai ita Bosniya. A nan muka kalli wasan Najeriya da Brazil na gasar Olympics ta Atlanta a 1996, a talabijin baƙi-da-fari da mai gyaran rediyo ya jona da batirin mota. Ana cinmu uku da ɗaya wasu suka tafi suka kwanta. Da Kanu ya farke, ya kuma ƙara ta huɗu, sai da benci ya kife, ƙwai ya fashe, Baba kuwa dariya kawai yake yana tattara ɓawo. Ranar 8 ga Yunin 1998 kuma, da labarin rasuwar Janar Abacha ya bazu, mutanen layi gaba ɗaya a teburin suka taru. Daren nan aka binne shi a Kano, mu kuma muna zaune jugum, shayi yana hucewa a kofuna.

Amma abin da ya ɗaure ni da wurin ba wannan ba ne. A 1999 kasuwa ta juya wa maigidana baya, ya sallame mu. Wata huɗu na yi ba aiki, kuma kunya ta hana ni komawa gida hannu rabbana. Na fara ƙaurace wa teburin don kada a ga halin da nake ciki. Dare na uku sai ga almajirin da ke wanke wa Baba kofuna ya leƙo zaure, wai ana kirana.

Na je na durƙusa na gaishe shi. Bai ɗago ba, yana yanka albasa, ya ce, "Ɗan nan, faɗa muka yi?"

Na ce, "A'a Baba, aljihu ne ba nauyi."

Ya ce, "Aljihunka na tambaya? Zauna."

Yana da wani tsohon littafi na 'yan makaranta da yake rubuta bashi a ciki da ajami. Ya buɗe mini shafi. Kullum ruwan bunu nake cewa a ba ni don kada bashin ya yi yawa, kullum kuma kofin zai zo fari tas da madara. Ran nan na ce, "Baba, ban ce a sa madara ba." Ya ce, "Hannuna ne ya kuɓuce, sha kawai." Wata huɗu hannun nan yana kuɓucewa. Da na samu aiki na zo biya, ya duba littafi ya faɗi lissafi, na ga kuɗin ruwan bunu ne kawai a rubuce. Na yi magana, ya ce abin da ke littafi shi ne bashi.

Bayan na yi aure a 2005 na koma Kurna, zuwana ya ragu: daga mako-mako zuwa wata-wata, daga nan sai da Sallah. Indomie ta mamaye teburin, samari suka koma duban waya, rediyo yana ta magana ba mai saurare. Ganina da shi na ƙarshe farkon 2023 ne, lokacin ƙarancin takardun kuɗi. Baba ba shi da asusun banki, masu saye kuma ba tsaba a hannunsu, littafin bashi ya cika har bango. Ya tsufa, hannun da ke ɗaga kofi sama yana rawa. Na ce masa zan dawo mu zauna sosai, ya ce Allah ya kawo ni.

Sai Juma'ar nan na koma. Babu gidan ƙasa, babu darbejiya. Bene ne hawa biyu, shagunan waya a jere, an shimfiɗa siminti daidai inda tukunya take zama. Na tambayi wani yaro mai POS ina mai shayin nan ya koma, ya ce shi bai taɓa sanin an yi mai shayi a wurin ba. Na daɗe a tsaye a bakin kwata, masu Adaidaita Sahu suna ta yi mini hon.

Can cikin layi na samu telan nan, ido ya yi rauni, sai da na faɗi sunan kawuna ya gane ni. Shi ya ba ni labari: mai gidan ya rasu, magada suka sayar suka raba gado. Baba ya nemi wani wurin bai samu ba, ya rabar da bencinansa, ya koma ƙauyensu ta wajen Kazaure. Rediyon kuwa tela ya bar wa. Ya nuna mini shi a kan keken ɗinki, igiyar da ake rataye shi har yanzu tana jiki.

Na karɓi kwatancen ƙauyen. Na sayi katan ɗin madara na sa a bayan mota, ranar Lahadi idan Allah ya kai mu zan kama hanya da sassafe. Abin da na tarar a can, mako mai zuwa za ku ji.